Ranar da Tarin Baba Ya Tsaya

Akwai wani kafinta da abokan aikinsa suke kira Ƙarfe, saboda ciwo bai taɓa kai shi ƙasa ba. Yana kula da mahaifinsa, wannan kowa ya shaida. Aibinsa ɗaya ne: abin da jikinsa ya iya ɗauka, gani yake jikin kowa ma zai ɗauka. In ka ce masa kanka na ciwo, sai ya ce ragwanci ne ke damunka.

Wata shekara ciwon ƙirji ya kama shi, ga tari ga zazzaɓi. Ya sha magani, ya ci gaba da yankan katakonsa, ya warke. Bai daɗe da miƙewa ba ciwon ya koma kan mahaifinsa, dattijon da ya haura tamanin, wanda ɗakinsa ke manne da bayan shagon.

Ƙanwarsa ta zo ta tarar da tsohon yana jan numfashi har kafaɗunsa na ɗagawa. Ta ce, "Yaya, mu kai Baba asibiti."

"Ke dai kin cika tsoro. Ba shi na yi kwanan nan ba? Ga ni garau. Ragowar maganina ma na nan."

"Kai da Baba ɗaya ne?"

"To a wurin wa na gaji ƙarfin?"

Ta tashi ta tafi, tunda na gaba ya yi magana.

Kullum yana aiki yana jin tarin ta bango. Wata safiya sai ya ji tsit. Ya leƙa, ya ga Baba kwance ido rufe, babu zazzaɓi, babu fama. Daɗi ya kama shi, ya koma kan zarto har da fito. Sai da rana ta take ya kira ƙanwarsa a waya. "Ina sarkin tsoro? Zo ki gani, tari ya tsaya, barci ma yake yi."

Ta zo ta kira Baba, bai amsa ba. Ta ɗaga hannunsa, sai ta ga farcensa ya yi shuɗi, leɓɓansa ma haka. Ta saka salati da ƙarfi.

A asibiti aka jona masa na'urar numfashi. Likita ta tambayi Ƙarfe, "Tun yaushe ya daina tari?"

"Tun safe, likita. Ai sauƙi ne ya fara samuwa."

Ta dube shi. "Ba sauƙi ba ne, Malam. Ƙarfin yin tarin ne ya ƙare. Barcin nan kuma numfashi ne ya gaza."

"Amma ni ma na yi ciwon nan!"

"Kai huhunka da sauran ƙarfi. Mai tamanin in numfashinsa ya kai nan, ko da na'ura, da yawa ba sa tashi. Da kun kawo shi yana tarin, da muna da abin kamawa."

Tsoron da Ƙarfe bai taɓa sani ba ya rufe shi. Kafin rana ta faɗi Baba ya cika. Ƙarfe ya sulale ya zauna a ƙasa, yana ta maimaita magana ɗaya: "Bango ne kawai tsakaninmu. Ina fito, Baba yana tafiya."

Darasin da ke nan shi ne, kada ka auna jikin tsoho da naka. Ciwon da matashi zai yi a tsaye yana iya zama ajalin dattijo. In numfashin tsoho ya yi nauyi, ko ya yi shiru da yawan barci bayan fama, a garzaya da shi asibiti, kada a jira. Wanda kuma ya ce a tafi, ko ƙaramin gida ne, a saurare shi.