Tsohuwar Kaza da Surukar Barau

Ku matso kusa, ni ba zan ɗaga murya ba. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani ƙauye an yi wani mutum ana ce masa Barau, da matarsa Yalwa. Suna da kaji cike da akurki. A cikinsu akwai wata tsohuwa, sunanta Wake-wake saboda zanen gashinta. Damina takwas ta yi a gidan. Rabin kajin nan ita ta ƙyanƙyashe su, sauran rabin kuwa jikokinta ne.

To, tsufa ya zo mata yadda yake zuwa wa kowa. Da kullum sai ta yi ƙwai. Sai ya koma sau biyu a mako, ƙato mai ɓawo sakayau, kana taɓawa ya fashe. Daga baya sai ya ɗauke gaba ɗaya. Zankon kanta ya koɗe, ƙafafunta suka yi kaushi, gashi in ya zube sai ya yi wata da watanni bai fito ba. Tono ma kaɗan take yi ta nemi rana ta kwanta. Kada wanda ya kalli ƙafata, ina ganinku.

Ran nan Barau ya shigo ya ce, "Yalwa, an aiko, Innarki za ta zo ranar Juma'a. Sai a yanka mata kaza."

Yalwa ta ce, "Wacce za a kama, Malam?"

Ya ce, "Wadda ba ta ƙwai mana. Tsakina ba na sadaka ba ne."

Abin bai yi wa Yalwa daɗi ba, don tana son tsohuwar. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Ashe Wake-wake tana kwance a gindin murhu, duk ta ji. Tsoro ya kama ta, don tsufa ba ya sa a gaji da rai. Sai ta nufi wajen Zakara, wani matashi mai jan wuya, wanda bai san komai ba amma yana da amsar komai. Ta ce, "Ɗan nan, kwana uku ya rage mini. Yaya zan yi?"

Zakara ya ce, "Iya, ai abin da sauƙi. Tsufa ne laifinki, sai ki daina."

Ta ce, "Ta yaya ake dainawa?"

Ya ce, "Ki yi ƙwai."

Sai ta bi ciyawar bayan danga ta roƙi Zabuwa ƙwai ɗaya. Ta gangaro da shi da baki har cikin akurki, ta hau kai, ta cika gida da kyarkyara. Yalwa ta taho da sauri, hannunta duk gari. Ta ɗauki ƙwan ta juya shi, ga shi ɗan ƙarami mai tsini, da tauri kamar tsakuwa. Ta ce, "Wake-wake, yaushe kika zama zabuwa ba ki gaya mini ba?" Ta tafi da shi ta dafa wa Barau.

Kashegari Wake-wake ta koma wajen Zakara. Ya ce, "To ki tashi sama. Duba sagarori, 'yan matan kajin nan, kullum suna kan rumbu. Wa ya taɓa yanka kazar da ke kan rumbu?"

Sai ta ja da baya, ta sheƙo da gudu, ta buɗe fukafukai. Ta tashi kamar kamu biyu, ƙarfi ya ƙare. Sai ga ta cikin turmi, kai a ƙasa, ƙafafu a sama suna harbin iska. Barau ne ya zo ya zaro ta. Ya ɗaga ta yana jin nauyinta a hannu, ya ce, "Ga ki kin san hanyar turmi, tukunya ce ta rage."

Rana ta uku Zakara ya ce, "Tun da aikin ya gagara, a gyara fuska."

Sai ya ɗebo manja a gindin kwalba ya shafa mata a zanko har ya yi ja. Ya samo man shanu ya murje mata ƙafafu. Ya tsinto gashin da sagarori suka zubar, ya manna mata da ƙaro duk inda ya yi sanƙo. Wannan karon fa dabara ta ci. Wake-wake ta fito tsakar gida tana sheƙi, tana taku ɗai-ɗai, ko jikokinta ba su gane ta ba.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Inna Dudu, uwar Yalwa, a kan jaki. Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Ta yi dariya, sai Yalwa ta ga haƙora biyu ne suka rage mata. Ta ja Barau gefe ta ce, "Malam, a fasa tsohuwar. Namanta igiya ne, Inna ba za ta iya ba. Ka kamo sagara mai taushi."

Barau ya watsa tsaki, kaji suka taru. Ya kai hannu, sagarori suka watse, wasu kan rumbu, wasu kan danga. Wa ya rage a ƙasa? Mai jan zanko, mai ƙafa da sheƙi, tana son gudu gwiwa ta ƙi. Barau ya cafke ta ya ce, "Madalla, ga kyakkyawa kuma ga ladabi."

Wake-wake ta ce, "Malam, ni ce fa tsohuwar."

Ya ce, "Duk kazar da ta ga wuƙa tsufa take yi."

Ta yi masa tari, ta lanƙwashe ƙafa, ta lissafa masa sunayen karnukan gidan da suka mutu. Bai ko saurare ta ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

To, a garin ba a yanka wa baƙo kaza sai an nuna masa ita da rai. Sai Barau ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin zaure, kansa a ƙasa, ya miƙa ta da hannu biyu. Inna Dudu ta karɓa. Ba ta dubi zanko ba, ba ta dubi gashi ba. Ƙashin ƙirji ta latsa da babban yatsa, don na sagara lanƙwasawa yake yi, na tsohuwa kuwa ko gezau. Ta janye hannu, ga manja, ga gashi uku sun manne mata a yatsa.

Ta ce, "Wannan ai sa'ata ce. Wa ya yi mata kwalliya?"

Wake-wake ta fashe da kuka ta faɗi komai, tun daga ƙwan zabuwa har turmi.

Inna Dudu ta shafa bayan kazar. Tausayi ya kama ta. Can ta dubi 'yarta ta ce, "Don ta daina ƙwai za a yanka ta? Ni shekara talatin rabona da haihuwa. Ashe da wuƙa kuke jirana."

Yalwa ta rufe fuska da mayafi. Barau kuwa yana da magana cike da baki, amma ina halin musu da suruka? Sai "Haka ne, Inna" yake ta faɗi.

Inna Dudu ta ce, "A wanke mata wannan shirmen. A sauko mata da wurin kwana ƙasa, a riƙa jiƙa mata dusa. In an samu ƙwan zabi a zuba mata ta kwanta, babu mai haƙurin kwanci kamar tsohuwa, kuma babu mai rigan ta hango shirwa."

Barau ya yi ƙarfin hali ya ce, "To Inna, me za a sa a miya?"

Daidai nan Zakara ya hau kan danga ya miƙe wuya ya yi cara, don a san shi ne ya yi kwalliyar. Inna Dudu ta ɗaga kai ta dube shi. Ta ce, "Shi wancan mai surutun, ƙwai nawa ya taɓa yi muku?"

Da la'asar aka ci tuwo da romon zakara, kuma haƙora biyu sun isa.

Ƙurunƙus kan kusu, ƙaryata ta ƙare nan. Wanda ya ciyar da ku da ƙuruciyarsa, ku ciyar da shi da tsufansa. Yanzu wani ya tashi ya miƙo mini butata, gwiwar nan ta ƙi.