Rijiyar Tarana da Kifin Dutse

Tun zamanin da dawa ta fi gari yawa, an yi wani maharbi a ƙasar da ke tsakanin gulbi da tsaunuka, ana ce masa Barmo. Tsofaffin da suka ba mu labarinsa sun saɓa a kan tsawonsa da launin fatarsa, amma abu biyu ba su taɓa saɓawa a kai ba: bai taɓa ɗaukar sawu ya yar ba, kuma yana son matarsa so har na ban dariya. Kirarinsa ma bai rufa masa asiri ba: "Barmo mai karatun ƙasa, mai bin sawun da iska ta share. Zaki a dawa, ɗan rago a gaban Tarana." Aka ce bai taɓa musun ko ɗaya ba.

Tarana ɗiyar Sarkawa ce, masuntan gulbi, amma ita hannunta ya fi faɗawa ga ginin tukwane, sana'ar da ta koya wurin kakarta. Ranar da Barmo ya je neman aurenta, ubanta ya dube shi da kwari da baka ya ce ba ya ba mutumin tudu ɗiya, don ɗiyarsa ba ta iya cin tuwo ba kifi. Barmo ya dafa ƙasa ya yi alkawarin ba zai taɓa zaunar da ita inda babu kifi ba. Saurayi da alkawari, sai ka ce ba shi zai cika ba.

Sun daɗe a bakin gulbi cikin rufin asiri, sai fari ya zo, irin wanda ake ba jikoki labari. Gulbi ya ƙafe har yara suna wasa a tsakiyarsa, mutane suka watse. Barmo ya ɗora Tarana a kan jaki, ga ta da tsohon ciki, ya nufi wani tafki da ya sani a dawa. Suka tarar da shi busasshe, ƙasa ta daddare. Ruwan da ya rage a gora bai taka kara ya karya ba, Tarana kuwa ba ta iya ƙara tafiya. Ya yi mata 'yar bukka a gindin wani tsauni, ya bar mata gorar, ya fita neman ruwa da tsoron da bai taɓa ji ba ko a gaban ɓauna.

Tsaunin nan samansa yashi ne da marmara, amma a gefensa, inda zaizaya ta yanke shi, ƙasa ce toka-toka mai ɓamɓaruwa falle-falle. Nan Barmo ya tsaya ya saki baki. Ga haƙora baƙaƙe masu tsini a kafe cikin ƙasar, ga katantanwa birjik, ga ƙashin bayan kifi a jere kamar duwatsun wuya. Akwai wata gaɓa guda da ta kai girman turmi, da ƙoƙon kunkuru wanda ƙato zai kwanta ciki. Aka ce ya kara wata katantanwa a kunne, ya ji rugugin wani ruwa wanda ba shi da ƙetare.

Barmo ya zauna cikin Sarkawa, ya san ƙashin kifi in ya gan shi. A karatun maharba kuwa, inda ka ga ƙashi nama ya wuce, inda ka ga kifi ruwa bai yi nisa ba. Sai ya yanke cewa ruwa ne ya guje wa fari ya shige cikin tsauni kamar gafiya a rami. Ya sa dagi a gefen tsaunin, yana bin ƙasusuwa yadda yake bin sawun gada. Yana haƙa ƙashi na ƙaruwa, ƙasa kuwa ƙara bushewa take yi. Da rana ta yi tsaka, hannunsa duk ya yi kanta ya fashe, sai ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko: ya fasa ƙashi ɗaya don ya ga ɓargo, ya san yaushe naman ya mutu. Babu ɓargo. Dutse ne ciki da waje. Nan ya gane ruwan da yake bi ya wuce tun ba a haifi wanda zai bi shi ba. Zakin dawa ya zauna a bakin raminsa ya yi kuka.

Ya komo bukka yana jan ƙafa. Tarana na kwance, leɓenta ya tsage, ta ce, "Sarkin baka, ina ruwan?"

Ya ce, "Na ga sawunsa, ɗiyar Sarkawa, amma ya riga ni. Ya riga kakan kakana." Ya zuba mata haƙoran kifin da ya tsinto a kan zane. "Ga kifin da na yi wa ubanki alkawari. Ki gafarce ni."

Ita kuwa ba haƙoran ta duba ba, ƙasar da ta manne musu ta duba. Ta ɗora a harshe kamar yadda magina ke yi, ta ji ta kama. Ta ɗiga mata ruwa daga ɗan abin da ya rage, Barmo na kallo, ta murza ta ta yi siriri, ta naɗa a yatsa, ba ta tsage ba.

Ta ce, "Wannan ai yumɓu ne. Me ke samansa?"

"Yashi."

"Kai kuma ina ka haƙa?"

"Cikin yumɓun."

Duk da halin da take ciki sai da ta yi dariya. Ta ce, "Haba maigida, wa ya taɓa sassaƙar jikin tukunya yana neman ruwa? Ta baki ake ɗiba. Ruwanka ya tafi, amma ya bar kaskonsa. Duk abin da sama ta taɓa zubarwa a tsaunin nan, yashi ya sha, yumɓu ya tare. Hau sama ka nemi inda ƙasa ta lotsa, ka haƙa. In ka ga haƙori na farko ka tsaya, kada ka huda mini gindin tukunya."

Barmo ya hau. Ya sami wani kwari inda sabara ba ta gama bushewa ba, ya kama haƙa. Yashi ya yi sanyi, can ƙasa ya yi danshi, sai dagi ya tono haƙori baƙi. Hannunsa ya so ya ci gaba, domin maharbi bai saba ganin sawu ya tsaya ba. Amma ya tuna wadda ta faɗa, ya ajiye dagi ya zauna. Jim kaɗan ruwa ya fara tsattsafowa ta gefen ramin, yana taruwa a kan yumɓu bai nutse ba. Da wannan ruwa Tarana ta rayu, da shi aka yi wa ɗiyar da ta haifa wankan farko.

Masu gudun fari suka ji labari suka taru, wurin ya zama gari, aka sa masa suna Kifin Dutse. Bayan shekaru gulbi ya komo, sai 'yan'uwan Tarana suka zo tafiya da ita, wai Barmo ya saɓa alkawari. Shi kam sunkuyar da kai ya yi, don ya san a ganinsu da gaskiyarsu. Tarana ta ja su har gefen tsauni ta nuna musu ƙasusuwan kifin nan.

Ta ce, "Naku kifi shekarar fari ya gudu ya bar ku. Nashi kuwa ga shi nan, ko motsi bai yi ba. Aibinsa ɗaya, ba ya dahuwa. Ku gaida gida."

A nan ta tsufa, a nan aka rufe su kusa da juna. Mutanen garin suka ce shi ya sa matansu ke danna katantanwar dutse a wuyan tulu kafin a gasa shi, kuma ango ba ya ɗaukar amarya sai ya hau tsauni ya kawo mata haƙorin kifi. Rijiyar farko tana nan da sunan Tarana. In kuwa ana haƙa sabuwa, da dagi ya tono haƙori baƙi, na cikin rami zai ɗaga murya ya ce, "Tarana ta ce a tsaya." Sai a zura masa igiya ya fito.