Sabuwar Mota Ba Ta Gudu da Kanta

An yi wani mutum a Mahuta, ma'aikacin gwamnati, kuma dattijo a ikkilisiyarsa. Ba ya sha, ba ya neman mata, ba ya taɓa kayan kowa. Da za a tambayi maƙwabtansa aibinsa, sai sun yi dogon tunani. Amma matarsa Dorcas ta san shi: mutumin nan bai iya cewa "na yi kuskure" ba. Maganar ba ta fita daga bakinsa.

Ya daɗe yana jan wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, har Allah ya hore masa ya sayi sabuwa dal daga kamfani. Ran Lahadi ya kai ta majami'a, fasto ya yi addu'a a kan makullin, matan zumunta suka yi guɗa. Ledar da ke jikin kujerun kuwa ya hana a cire. In ka zauna sai ta yi ta ƙara a ƙarƙashinka, zufa ta manne maka riga a baya, shi kuma yana murmushi. So yake duk wanda ya leƙa ya san ba wanda ya hau ta kafin shi.

Wata rana Dorcas ta ɗauki motar ta je kasuwa. Da ta dawo, tana isowa ƙofar gida motar ta yi gurnani ta zabura, ta daki ginshiƙin get, fitila ta fashe. Dorcas ta fito ta tarar da mijinta a bakin get.

Ta ce, "Baban Stephen, Allah ya sani birki na taka. Da kanta ta ƙwace."

Ya ce, "Sabuwar mota ba ta gudu da kanta. Ke ce dai ba ki san birki da totur ba."

Ya karɓe makullin. Bai tsaya nan ba. Ran Lahadi bayan sujada, a tsakiyar jama'a, ya mai da abin labarin dariya. "Madam ta so ta shigar mana da mota har falo. Wai motar ce ta gudu! Ku ji fa, sabuwar mota ta gudu da kanta!" Aka yi ta dariya. Dorcas ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Daga ranar ba ta ƙara shiga motar ba. In ya ce ta shigo, sai ta ce, "Ka je kawai, keke mai ƙafa uku ya ishe ni."

Ba a daɗe ba abin ya zo kansa. Yana hanyar ofis, wajen Unguwar Sanusi, ya ɗage ƙafa daga totur, totur bai ɗago ba. Injin ya ɗauki ihu. Ya taka birki ya ji shi kamar dutse. Da ƙyar ya kauce wa wani keke cike da 'yan makaranta, sannan abin ya saki don kansa.

Ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya 'yan'uwa, kun san abin da ya fara yi? Bai ce "na gode Allah" ba. Waige-waige ya yi, ko akwai wanda ya san shi a wurin.

Daga ranar natsuwa ta ƙare masa. In yana tuƙi, ƙafarsa na shawagi a kan birki. In mai babur ya gifta, sai ya danne birki. Ya daina kunna rediyo don ya saurari injin. A ofis yakan tashi ya leƙa ta taga ya dubi motar, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. A gida ya kai loma baki, ya dubi Dorcas, maganar ta taso har maƙogwaro, sai ya haɗiye ta da tuwon. Me zai ce mata? "Kin yi gaskiya"? Jama'ar da ya ba dariya fa, da wane baki zai koma musu?

Allah bai bar shi ba gargaɗi ba. Abokin aikinsa Abdulmalik, mutumin Unguwar Mu'azu, yana da irin motar. Ya tare shi a bakin ofis.

Ya ce, "Yallaɓai, kamfani bai kira ka ba? Sun ce duk mai irin motar nan ya kawo, totur ɗin na maƙalewa. Kyauta suke gyarawa. Ni tawa tana can, kwana biyu ina hawan keke."

Gaskiya kuwa, tun kafin nan kamfani sun kira shi. Ya ga kiran, ya kife wayar.

Amma ya ce wa Abdulmalik, "Tawa ƙalau take. Taka dai ka bincika, wataƙila gwanjo suka wanke maka."

Abdulmalik ya yi dariya ya ce, "To, Allah ya tsare. Ni dai na faɗa maka."

Gyara kyauta, 'yan'uwa! Ba a nemi komai a wurinsa ba sai ya yarda a ga motarsa a gareji, a gan shi a bakin titi yana tsai da keke, matarsa ta san ita ce mai gaskiya. Wannan ne ya fi ƙarfinsa. Kullum yana ce wa ransa, "Bari a yi bikin godiya na majami'a tukuna, sai in kai ta a ɓoye."

Ranar bikin godiyar ta zo. Aka tashi daga sujada, harabar majami'a ta cika. Matan zumunta sun taru a bakin get cikin ankonsu, suna sallama da juna. Dorcas na cikinsu tana jiran keke, tana riƙe wa wata tsohuwa, Mama Celina, jakarta.

Mutumin ya shiga motarsa, ledar ta yi ƙara. Ya tayar, ya ɗan taɓa totur don ya nufi get a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu. Totur ya tafi bai dawo ba.

Ya taka birki da ƙafa biyu. Ya danna ham. Ya ga matan suna juyowa, ya ga fuskar Dorcas, ta gane sautin kafin kowa, don ta taɓa jin sa. Ta tura Mama Celina gefe, amma ba su tsira ba. Sai da motar ta bi ta cikinsu sannan katanga ta tsai da ita.

Mama Celina ta rasu kafin a isa asibiti. Dorcas ta rayu, amma ƙafafunta ba su ƙara ɗaukarta ba. Shi kuwa ya fito ko ƙwarzane babu.

Yana ihu, "Ba ni ba ne! Motar ce! Da kanta ta ƙwace!"

Wani dattijo cikin waɗanda suka yi dariya a wancan karon ya dube shi ya ce, "Ba kai ka ce mana sabuwar mota ba ta gudu da kanta ba?"

Da 'yan sanda suka bincika, aka gano kamfani ya neme shi ya ƙi zuwa. Aka kai shi kotu. Aiki ya tafi, dattijantaka ta tafi. Da aka ba shi beli ya je asibiti, ya durƙusa gaban gadon Dorcas ya ce, "Kin yi gaskiya." Ta ce, "Ka je ka faɗa wa 'ya'yan Mama Celina." Motar tana can a harabar ofishin 'yan sanda, gabanta a murƙushe, ledar kujerun ko yagewa ba ta yi ba.

Ya 'yan'uwa, injin ƙarfe ne, mutum ya ƙera shi, yana iya zuwa da lahani. Wannan ba laifin mai saye ba ne. Laifin mutumin nan shi ne ya sani ya ɓoye, ya ɗora wa marar laifi, aka gargaɗe shi ya toshe kunne, duk don kada girmansa ya ragu a idon mutane. Girman kai ne ya kashe Mama Celina, totur hanya kawai ya zama.

To mu fa? Wane ne muka ƙaryata a gaban jama'a, muka gane daga baya shi ne mai gaskiya, muka yi shiru? Wane lahani muke ɗauke da shi muna cewa sai bayan biki? Ka je yau. Ka faɗi maganar tun tana iya ceton wani.

Allah ya kiyaye mu da bakin da ba ya iya cewa "na yi kuskure", ya ba mu tawali'u tun kafin kunya ta koya mana. Amin.