Kalmar da Ta Tsayar da Haƙar Magudana

An ruwaito daga littattafan mutanen da, Allah kuwa shi ne masani, cewa an yi wani sarki a ƙasashen gabas ana ce masa Zubairu ɗan Hamdan. Yana cikin haƙa wata babbar magudana da za ta kai ruwan kogi gonakin talakawansa, sai ƙanensa da yake ƙauna fiye da kowa ya rasu. A cikin kayan mamacin aka tsinci guntun fata da kalma ɗaya tak a rubuce da baƙaƙen Ibraniyawa, ita ce hebel.

Sarki ya tambayi Waziri Mu'allayidi ma'anarta. Waziri, da yake ya taɓa harshen sama-sama, ya ce ai banza take nufi, abin da ba shi da wani amfani. Maganar ta zauna wa sarki a zuci. Ya ce ashe ɗan'uwansa ya gane duk wahalar ɗan Adam aikin banza ce. Ya sa aka sallami mahaƙa, ya daina fita fada, shuka kuwa ta fara ƙonewa.

Da Waziri ya ga abin da bakinsa ya jawo, ya yi ta roƙo har sarki ya yarda aka yi shela: wanda ya zo da wata ma'ana tare da hujja, za a koma aiki. Malamai suka yi ta zuwa suna komawa. Ran nan sai ga wani tsohon Bayahude mai fataucin turare, sunansa Azariya. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nemi izinin ba da labari.

Ya ce wata shekara suna ratsa hamada da mahaifiyarsa da wansa, zazzaɓi ya kayar da wan, har jikinsa ya yi sanyi. Madugu ya ce a haƙa kabari, ayari ba zai jira ba. Uwar ta ƙi. Ta zaro madubinta na tagulla ta kara a hancin ɗanta. Wani ɗan tururi ya hau madubin, kafin a ƙifta ido ya ɓace.

"Allah ya ja zamanin sarki, da kunnena na ji ta ce hebel," in ji Azariya. "Asalin kalmar ke nan a harshenmu, tururin numfashi. Ba ya daɗewa, hannu ba ya kama shi. Amma saboda shi aka fasa binne wana, ya ƙara shekara arba'in a duniya, ya ga jikokinsa."

Sarki ya sake duban guntun fatar. Sannan ya ce, "To me ƙanena yake nufi?"

"Ban san zuciyarsa ba, ranka ya daɗe. Na dai san abu ya zama gajere daban, ya zama banza daban."

Sarki ya yi kukan da bai yi ba tun ranar jana'iza. Da ya share ido ya ce a kira mahaƙa, shi da kansa ya fara sara ƙasa. Ya yi wa Azariya riga da rawani, ya ba shi gida kusa da fada, ya kuma umarci Waziri ya riƙa zuwa ɗaukar karatu wurinsa.

Masu ruwaya suka ce darasin shi ne, kada gajartar kwana ta hana mutum aikin alheri. Sun kuma ce sarkin bai cika shekara uku ba bayan haka ya rasu, amma sai da ya ci tuwon dawar farko da ruwan ya shayar.