Jurandir Ya Riga Kowa Isa Ƙololuwa

A garinmu da ke gindin tsaunukan jihar Minas akwai wani dattijo mai suna Jurandir, tsohon direban motar haya. Ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah ya yi shi da gaggawa. In kuna tafiya tare, ƙeyarsa kawai za ka gani. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse birane, abokai kuwa ɗaya bayan ɗaya suka gaji da halinsa. Wanda ya rage masa shi ne Aristides kafinta, abokinsa tun suna yawo ba takalmi.

Wata Lahadi bayan an fito coci, Aristides ya roƙe shi su hau dutsen da ke gandun dajin jiha, inda suke zuwa tun suna samari. Jurandir ya yi dariya, ya ce da waɗannan gwiwoyin na Aristides sai dai a goya shi. Aristides ya ce ai ba tsere za su yi ba, kwarin da ake hangowa daga dutsen yake so ya gani, kuma akwai maganar da yake so su yi a can.

Suka kama hanya, Aristides riƙe da fulas ɗin kofi da burodin cuku. Tafiyar ta ƙi sauri. Duk furen da suka wuce sai ya tsaya ya ƙura masa ido, a bakin magangarar ruwa kuwa kamar ba zai tashi ba. Jurandir yana gaba yana tsaki. Da suka kai wani benci a rabin hanya, Aristides ya zauna yana haki.

"Aminina, zauna mu sha kofi. Dutsen nan ba gudu zai yi ba."

"Rana ce za ta gudu. Kai dai kunkuru ne tun kana yaro. Huta abinka, in na sauko na ɗauke ka."

"Maganar tawa fa?"

"Ajiye ta, ba nono ba ce balle ta lalace."

Ya wuce bai waiwayo ba. Ya isa ƙololuwa da ƙarfinsa, sai ya tarar gajimare ya rufe ko'ina. Ba kwari, ba gari, ba ko mutum ɗaya, sai iska mai sanyi. Ya juya zai yi ƙorafi, ya tuna babu kowa a bayansa. Kunyar ya sauko bai ga komai ba ta zaunar da shi a kan wani dutse, yana jiran gari ya washe, har rana ta karkata. Bai washe ba.

Da ya sauko, bencin ba kowa. Mai gadin ƙofar gandun ya gaya masa sanyi ne ya kama tsohon, wasu mata da miji suka riƙo shi har ƙasa suka kai shi gida. Ya ce daga wurin bencin kwarin a buɗe yake tas, tsohon ya daɗe yana kallo, yana roƙon baƙin nan su faɗa masa abin da ke can nesa.

Maimakon ya damu, sai Jurandir ya yi fushi, wai an tafi an bar shi. Ya ƙi leƙa abokinsa, yana jiran a zo a ba shi haƙuri. Da shirun ya ishe shi ya je, ya tarar shagon kafintan a kulle. Maƙwabciyarsu Dona Zuleica ce ta sanar da shi cewa idanun Aristides ne ke mutuwa, likita ya ce ba za su kai ƙarshen shekara ba, 'yarsa ta zo ta tafi da shi can birnin Kuritiba.

Jurandir ya kira a waya. Aristides bai zarge shi ba. Ya ce, "Na ga kwarin, aminina, yana nan da kyansa. Na dai so a ce kai ne a gefena."

Ba su sake haɗuwa ba. Sanyin shekarar ya kama huhun Aristides, aka binne shi a can. Har yanzu nakan ga Jurandir ranar Lahadi yana nufar gandun shi kaɗai. Ya koyi tafiya a hankali, sai dai ba shi da wanda zai jira.

Mai karatu, dutse yana nan gobe, mutum ne ba shi da tabbas. Idan na kusa da kai ya ce tsaya mu yi magana, to ka tsaya, domin ba ka san nauyin abin da ke bakinsa ba. Wanda ya saba barin mutane a baya, wata rana zai isa inda yake so, ya waiwaya bai ga kowa ba.