Kaka Shevanta da Sari Mai Yadi Tara

Akwai wata tsohuwa a layinmu a Kolhapur, can ƙasar Indiya, sunanta Kaka Shevanta. Ɗaki ɗaya gare ta a ƙasan bene, daga ita sai rediyo sai tukunyar shayi. Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar mijinta. Ɗanta tilo yana Dubai. Yakan kira ran Lahadi idan bai manta ba, kuma ya fi mantawa.

Ita kaɗai ta rage a layin mai ɗaura sari irin na kakanninmu, mai yadi tara, wanda ake ratso shi ta tsakanin ƙafafu a soke a baya. Kullum da safe sai ta ɗaura shi tsaf, ba fil ko ɗaya, ta zauna a bakin ƙofa. Ba inda za ta je. Jira kawai take ko wani zai tsaya ya gaishe ta.

Biki kuwa ba a gayyatarta. Kun dai san halinmu: matar da mijinta ya rasu, ba a so ta taɓa kayan amarya, wai kada ta shafa mata rashin sa'a.

A saman benen akwai wata budurwa, Rutuja, wadda bakinta ba ya hutawa. Idan ƙawayenta suka zo, sai ta soke gyale a ƙugu, ta bubbuɗe ƙafafu, ta shaƙe murya irin ta Kaka: "Ku matsa, 'yan nan, ni da wandon marigayi za mu wuce!" Su yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ran nan Kaka ta tare ta a bakin matakala.

"Rutuja, zo in koya miki ɗaurin nan. Minti goma ne."

"Haba Kaka! Tela yana ɗinka shi yanzu, har da zif. Ƙafa kawai ake zurawa."

Kaka ta ce, "To." Ta ƙara muryar rediyo.

Da auren Rutuja ya zo, katin gayyata ya shiga kowane ɗaki a layin, ban da na ƙasan bene. Mai ɗaura auren ya tsayar da lokacin sa'a, ƙarfe sha ɗaya da minti sha bakwai. Idan ya wuce, sai an sake duba wata rana.

Ran bikin, ƙarfe tara na safe, uwar ango ta aiko da akwati. A ciki, koren sarin siliki mai yadi tara, wanda kowace amaryar gidansu ta shiga aure da shi. Da saƙo: "Almakashi bai taɓa shi ba, allura ba ta taɓa shi ba. Da shi za ta fito."

Goggon amarya, Mangal, ta tura ƙirji gaba. "Ku ba ni wuri, a gabana uwata take ɗaurawa!" Ta naɗe amarya kamar katifar da za a ɗora a mota. Mai kwalliya ta buɗe bidiyo a waya, tana tsayarwa tana maido shi baya. Rutuja ta yi taku biyu, komai ya zube a ƙasa.

Goma ta yi. Goma da kwata.

Rutuja ta tattaro sarin a ƙirji, ta sauka ƙasa da gudu, ta nufi ɗakin Kaka. Mahaifiyarta, Sulabha, ta biyo ta tana ihu, "Ke! Yau fa ranar aurenki ce! Ba wannan ɗakin ba!"

Kaka tana zaune da busasshiyar gurasar dawa a faranti. Tun asuba take jin ganga a saman bene, ko leƙowa ba wanda ya yi. Ta kalli sarin, ta ɓoye hannayenta a baya.

"Ba zan taɓa ki ba, 'yar nan. Kada gobe wani abu ya samu mijinki a ce ni ce."

"Kaka, don Allah!"

"Daina kuka, kwalli zai zubo. Tsaya can. Ke da kika iya tafiyata, har da muryata, ai za ki iya hannuna."

Rutuja ta daskare. Ashe duk shekarun nan Kaka tana ji.

Tsohuwar ta kwance nata sarin ta fara daga farko, a hankali. Ta ƙulla a cibiya, Rutuja ta ƙulla. Ta jera ninki da yatsu huɗu, Rutuja ta jera. "Buɗe ƙafa, ba gunki ba ce ke! Yauwa. Ja ta tsakiya."

Sai aka zo sokewar baya. Sau uku Rutuja tana sokewa, sau uku silikin yana sulluɓewa. Hannun Kaka ya miƙo da kansa, ya tsaya a iska, ya fara komawa.

Rutuja ta cafke shi ta ɗora a ƙugunta.

Sulabha ta dafe kai daga bakin ƙofa. "Wayyo! Ta taɓa ta!"

"Ni na taɓa ta, Inna. Kaka, soke."

Ta soke. Jan farko ya zauna daram.

Aka yi waje da amarya a guje. Motoci suka tashi, ganga ta yi nisa, layin ya yi tsit. Kaka ta koma bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

Da la'asar mota mai furanni ta tsaya a gaban ɗakinta. Rutuja ta fito, ko ninki ɗaya bai goce ba, ango a bayanta riƙe da farantin abincin biki. Su biyun suka sunkuya suka taɓa ƙafafun tsohuwar.

"Kaka, sa mana albarka."

"Da wannan hannun?"

"Da shi. Kuma jibi ina nan tafe. Uwar mijina ta ce da yadi tara zan yi girkin farko, ni kuwa sokewar bayan nan ba ta shiga kaina ba."

Kaka ta ɗora hannu a kansu. Ta ce, "Ki zo da sassafe. Zan ɗora shayin mutum biyu."

Darasi: Tsohon da kuke wucewa a bakin ƙofa yana jin dariyarku, yana kuma riƙe da abin da babu shi a waya. Kada ku jira sai buƙata ta kai ku ɗakinsa, kada kuma al'ada ta sa ku mayar da mai rai kamar ba ya nan. Ku tura wannan labarin ga duk wanda yake da Kaka Shevanta a layinsu, sannan ku ajiye wayar ku je ku gaishe da taku.