Sa'a Uku Ba Itace a Tanderun Randuna

Akwai wani mai takalmi mai sheƙi, ba zan ambaci sunansa ba don ya san kansa, da ya tsaya a farfajiyar coci yana gaya wa matasa wai malaminmu tsoho ne da ya kasa rayuwar duniya, wai lokutan addu'a da jadawalin idodi kayan masu zama bayan katanga ne, ba na mai iyali ba. Ƙarya yake yi, kuma ni Maeng Chil-bok, wanda aka yi wa baftisma da sunan Toma, mai gasa randuna shekara arba'in, zan faɗi abin da idona ya gani.

Malaminmu, alimi, zahidi, mai tsoron Allah a ɓoye da sarari, Allah ya haskaka makwancinsa, ya fito ne daga gidan ruhubanawa, masu keɓe kansu bayan katanga don ibada, na arewa wanda yaƙi ya watsa, ya iso ƙauyenmu na maginan randuna da littafin Zabura da riga ɗaya. Bai gina mana katanga ba. Guntun ƙarfe ya rataya a bishiya, yana buga shi da asuba da tsakar rana da yamma, ya koya mana abin da suke yi a can: in ƙarfe ya yi ƙara, ka saki abin da ke hannunka, ko da bakin randa ne kake murzawa. Kowace sabuwar shekara yakan rubuta wa kowane gida jadawalin azumi da idodi a liƙa a bango. Mu kuma da bakinmu muka yi alkawari cewa ranar Juma'ar da aka gicciye Almasihu, daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku, ba mai taɓa aiki.

Laifin nawa ne. Mu magina da lissafin wata muke kunna wuta, kamar kakanninmu, kuma a shekarar Ista, idin tashin Almasihu, ta zo da wuri, ni kuwa ban ɗaga kai na dubi bango ba. Na kunna dogon tanderunmu mai hawa jikin tudu, cike da aikin hunturu na gida tara, randunan da mata ke jira don daddawar wake da kabeji. Sai da wuta ta kwana huɗu matata Sun-rye ta tsaya da kwanon sha'ir a hannu ta ce, "Baban Gap-su, gobe wace rana ce?" Na ƙirga, sai ga shi gobe ce Juma'ar da muka yi alkawari a kanta. Gobe da tsakar rana ne wuta za ta kai ƙololuwa, lokacin da mutum shida ke tsayawa gefe da gefe suna cusa itace ta ƙananan ramuka ba hutawa. In ta sauka a wannan gaɓa, randuna su fito ɗanyu ko su tsage, gida tara su shiga bazara ba abin kai wa kasuwa.

Da safe na sami Malam yana share bakin ɗakin addu'a. Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba.

"Malam, yau dai a bar ƙarfen nan ya huta."

Ya ce, "Zan buga, Toma. Wanda ya tsaya wurin wuta bai yi zunubi ba."

"To ka gaya wa masu cusa itace haka mana! Kai ba ka da baki bakwai da ke jiran shinkafa."

Ya ci gaba da shara, ya ce, "Na gaya musu."

Rana na kaiwa tsaka ƙarfe ya yi ƙara. Tsoho Pyo, wanda randunansa sun fi na kowa yawa a ciki, shi ya fara ajiye itacen hannunsa. Na ce, "Baba, ka tsufa har kanka ya zama yumɓu ne?" Ya ce, "Kai da ka kasa karanta bango, yau kai ne mai hankali? Matsa in wuce." Ɗaya bayan ɗaya suka bi shi. Mutum ɗaya ba ya ciyar da tanderu mai ramuka a gefe biyu, don haka na bi su a guje da niyyar in fizgo su ta wuya. Ina shiga ɗakin addu'a, Malam, ba tare da ya waiwayo ba, ya matsa kaɗan ya bar mini wuri a tabarmarsa. Na durƙusa. Ba zan yi wa kaina ado ba: ban yi addu'a ko ɗaya ba. Ana karanta wahalar Ubangiji, ni ina jin ƙarar tsagewar randa a cikin kaina, ina zagin tsohon malamin nan a zuci sa'a uku cur.

Da aka tashi na riga kowa hawa tudu. Na zare toshiyar ramin farko ina sa ran ganin ja mai duhu, sai farin haske ya doki idona har na ja baya. Na zare ta biyu, ta uku, har sama. Wuta tana nan fara fat yadda muka bar ta, kuma guntun itacen da Tsoho Pyo ya cusa na ƙarshe yana ci, bai ko kai rabi ba. Malam ya iso a hankali da sandarsa, ya leƙa, ya ce, "Ku ci gaba daga inda kuka tsaya." Bai ƙara komai ba, a ranar ko bayanta. Da tanderu ya huce muka fasa ƙofa, muka fito da randunan ɗaya ɗaya muna ƙwanƙwasawa, ba wadda ta yi muryar fasasshiya.

Tsarki ya tabbata ga Mai riƙe wuta da lokaci a hannunsa. Allah ya jiƙan bawansa salihi, ya ba mu albarkacinsa, ya yafe mini abin da na faɗa a zuci bisa tabarmarsa.

Kai kuma mai karatu, in kana ganin tatsuniyar tsoho ce, abin mai sauƙi ne. Je ka cika tanderu da abincin 'ya'yanka na shekara, ka kai wuta fari, ka juya mata baya sa'a uku. In ka dawo, zo ka dube ni ka ce ƙarya nake yi.